Sharhi kan aikin ofishin da ya taimaka mana bayan an hana mahaifiyata bizar ziyarar Birtaniya

Wannan sharhi a kan aikin wani ofishin masu ba da shawara kan harkokin shige da fice ne da ke Birmingham, wanda na nemi taimakonsa a shekarar 2025 bayan an hana mahaifiyata bizar ziyara. Ra'ayina shi ne kuɗin da na biya sun yi amfani, amma ya kamata duk mai shirin biyan irin waɗannan kuɗi ya san abin da zai saya da su. Ofishin ba shi da wata hanya ta musamman, kuma bai san kowa a cikin jami'an da ke yanke hukunci ba. Abin da yake sayarwa shi ne iya karanta takardar hana biza layi bayan layi, da sanin hujjar da za ta amsa kowane layi.

Mahaifiyata malamar firamare ce da ta yi ritaya a Zariya. Tana karɓar fansho, tana da ɗakunan haya, kuma akwai marayan ɗan ƙanwarta da take riƙo. Na so ta zo ta ga jikanta bayan na haihu. Wani ejan ne a Kaduna ya cike mata takardun neman farko, kuma da adireshin imel ɗinsa ya yi rajistar, saboda haka sai da muka yi ta bi kafin ya turo mana kwafin abin da ya rubuta da sunanta.

Kafin in biya ko sisi na duba rajistar ofishin a shafin IAA, hukumar da ke sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice, wadda har zuwa farkon 2025 ake kira OISC. A Birtaniya laifi ne mutum ya riƙa ba da shawara kan shige da fice ba tare da rajista da wannan hukuma ba, sai dai in lauya ne da ke ƙarƙashin hukumar da ke kula da lauyoyi, kuma rajistar mataki uku ce gwargwadon nauyin aikin da aka amince mutum ya yi. Matar da aka haɗa ni da ita ba ta fara da tambayar nawa ke cikin asusuna ba. Takardar hanin ta nema, da kwafin fom na farko, da duk abin da aka haɗa da shi, kuma ta faɗa mini tun a zaman farko cewa ba za ta yi alkawarin samun biza ba, domin ba ita ke bayarwa ba. Wannan maganar ce ta sa na amince da ita, domin ejan ɗin Kaduna cewa ya yi aikinsa ba ya faɗuwa.

Takardar hanin ta dogara ne da sakin layi na V 4.2 na ƙa'idojin masu ziyara, wanda ke buƙatar mai nema ya gamsar da jami'i cewa zai bar ƙasar idan ziyararsa ta ƙare, cewa dalilin zuwansa yana cikin waɗanda aka halatta, kuma yana da abin da zai ɗauki nauyin tafiyar ba tare da ya yi aiki ko ya taɓa tallafin gwamnati ba. Jami'in ya ce kuɗin shiga da aka rubuta a fom bai yi daidai da abin da takardar banki ta nuna ba, ya ce akwai wasu kuɗi masu yawa da suka shiga asusun gab da lokacin neman ba tare da bayanin asalinsu ba, sannan ya ce bai gamsu da zaman wata shida don rainon jariri ba. Da matar ta jera waɗannan dalilai kusa da takardun da aka aika, sai na ga cewa duk wanda bai san Umma ba, takardun nan kaɗai ke gabansa, da wuya ya yanke wani hukunci dabam.

Ta bayyana mini zaɓin da muke da shi ba tare da kwana-kwana ba. Tun watan Yuni na 2013 aka janye cikakkiyar damar ɗaukaka ƙara ga masu neman bizar ziyarar dangi, kuma takardar da kanta ta ce ba za a sake duba hukuncin a cikin ma'aikatar ba. Akwai hanyar kai ƙara kotu domin alƙali ya duba ko an bi doka, wadda ake farawa da wasiƙar gargaɗi kuma dole a shigar cikin wata uku, amma ta ce kada in ɓata kuɗina a can, tunda jami'in bai yi kuskuren doka ba. Abin da ya rage shi ne sabon nema. Doka ba ta sa wani lokacin jira ba, sai dai a sake biyan fam 127, wanda shi ne kuɗin bizar wata shida a lokacin, bayan an ɗaga shi daga fam 115 a Afrilun 2025, kuma ba a mayar da na farko. Duk da haka ta ba da shawarar mu dakata na wasu watanni domin asusun Umma ya nuna shige da ficen kuɗinta yadda yake a zahiri. Na ji nauyin wannan jira, domin lokacin jego ya wuce ba tare da uwata a kusa ba, amma ina ganin shawarar daidai ce.

Inda ofishin ya fi burge ni shi ne batun kuɗin nan da suka shiga asusu. Kwasar adashe ce. Umma ta daɗe tana zubi da tsofaffin abokan aikinta, kwasarta ta faɗo a watan da aka nemi bizar, uwar adashe ta tura mata kuɗin gaba ɗaya. Matar ba ta san adashen Hausawa ba, amma da na yi mata bayani ta ce ta saba ganin irinsa a wajen 'yan asalin Jamaika da Pakistan da ke birnin, kuma ta san yadda ake tabbatar da shi a rubuce. Ta sa muka karɓo wasiƙa daga uwar adashe, muka ja layi a takardar banki a ƙarƙashin kowane zubi da Umma ta tura wata bayan wata, sannan ta nemi hoton littafin zubin. Littafin rubutu ne na 'yan makaranta, an tsaga layuka da rula, sunayen mata a jere a gefen hagu, kowane wata da alamar jan biro a gaban wadda ta biya. Da Hausa aka rubuta shi, don haka sai da aka kai wa mai fassara, domin ƙa'ida ita ce duk takardar da ba da Ingilishi ko yaren Wales aka rubuta ba sai an haɗa ta da fassara mai ɗauke da sunan mai fassarar, da sa hannunsa, da kwanan wata, da yadda za a same shi, da shaidarsa cewa fassarar daidai take. Umma ta yi mamaki ƙwarai. Ta ce mini a waya, “Yanzu littafin adashen namu ne za a kai wa Turawa su karanta?” Na ce, “Shi ne hujjarki, Umma.”

A kan kuɗin shigar da ejan ya ƙara, matar ba ta yarda a yi shiru ba. Ta ce abin da aka rubuta da sunan mutum yana wuyansa ko da wani ne ya cike masa, kuma sa'ar da muka yi ita ce jami'in bai zargi Umma da yaudara ba, domin wanda aka samu da gabatar da bayanan ƙarya da gangan ana iya rufe masa ƙofa har shekara 10. A sabon fom an amsa cewa an taɓa hana ta biza, aka rubuta ainihin fanshonta da kuɗin hayar, aka kuma yi bayani a taƙaice cewa adadin farko kuskuren wanda ya cike ne. Gidan hayar ba shi da takardar mallaka ta gwamnati, sai takardar ciniki mai sa hannun shaidu da mai unguwa. Ta ce a haɗa ta, amma ta fi ba da muhimmanci ga 'yan haya su koma biya ta banki, domin kuɗin da ke shigowa a kai a kai ya fi nuna cewa mutum yana da rayuwar da zai koma wa. Aka haɗa takardun makarantar marayan da take riƙo. Ita ce kuma ta tambaya ko Umma ta taɓa fita waje, sai ga tsohon fasfo mai hatimin aikin Hajji da na Umara, wanda ejan bai ko nema ba.

Wani abu da ta gyara mini a tunani shi ne matsayin mai gayyata. Ƙa'idar V 4.3 ta yarda wani ya ɗauki nauyin mai ziyara matuƙar akwai dangantaka ta gaskiya, kuma shi mai ɗaukar nauyin yana zaune bisa doka kuma yana da hali. Na haɗa takardun albashina, da na banki, da yarjejeniyar hayar gidana, da shaidar izinin zamana, da takardar haihuwata. Amma ta ce duk waɗannan tambayar kuɗi kawai suke amsawa, ba su taɓa tambayar ko Umma za ta koma gida ba, kuma a nan ne yawancin 'ya'ya ke cika fayil da nasu takardun su bar na iyayen a fayau. Batun raino ma ta fayyace shi: kaka tana iya taimakawa da jika a gajeriyar ziyara, muddin abin bai zama kamar an ɗauke ta aikin raino ba. Muka rubuta ziyarar ƙasa da wata biyu da ranar komawa, ta kuma ja kunnena cewa ko da bizar wata shida aka buga, a tsaya a kan abin da aka rubuta, domin za a duba shi a nema na gaba. Ta sa na saya wa Umma inshorar lafiya, tunda ana cajin mai ziyara kashi 150 cikin 100 na kuɗin jinya a asibitocin NHS, wato na hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya, kuma bashin fam 500 ko fiye yana iya zama dalilin hana biza.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Kuɗin aikin ya ninka na bizar kanta sau da yawa, kuma kuɗin fassara daban na biya. Amsar saƙo tana jinkiri, wani lokaci sai na kira kafin a waiwaye ni. Ba su da mai jin Hausa kuma ba su nemo tafinta ba, ni ce na riƙa fassara tsakaninsu da Umma, alhali ya fi dacewa mai nema ta yi magana da bakinta ba tare da 'yarta a tsakani ba. Mafi muni shi ne daftarin farko na wasiƙar bayani, wanda na tarar da wani sakin layi a cikinsa da ke magana a kan shagon da Umma ba ta da shi, alamar an ɗauko shi ne daga wasiƙar wani. Sun ba da haƙuri sun cire, amma da ban karanta da kyau ba, da mun sake aika bayanin da ba gaskiya ba a neman da aka shirya domin gyara irin wannan kuskure. Duk wanda ya ɗauki irin wannan ofishi ya karanta kowace kalma kafin a aika. Sun kuma yi mini tayin biyan ƙarin kuɗin gaggawa, na ƙi, domin saurin amsa ba ya canza amsar.

Umma ta je Abuja aka ɗauki hotonta da zanen yatsunta, amsa ta fito cikin makonni ukun da aka saba, an ba ta bizar. Ta zo, ta koma a ranar da muka rubuta.

Ina ba da shawarar irin wannan ofishi ga wanda aka riga aka hana, musamman in kuɗin mai neman daga adashe, haya, noma ko kasuwanci suke fitowa, inda gaskiyar ba ta bayyana da kanta a takardar banki. Ma'aikaci mai albashi ɗaya tsayayye da ke neman farko, kuma yana da mai karanta masa Ingilishi da kyau, ba ya buƙatarsu, domin ƙa'idojin da jagoran da jami'an ke aiki da shi duk suna shafin gwamnatin Birtaniya na GOV.UK kyauta. Mu ma a nema na gaba, na bizar shekara biyu, da kanmu za mu cike, da fayil ɗin da suka tsara mana da shaidar cewa Umma ta fita a kan lokaci.