Yawon da muka yi da ɗan rakiya a Annaba, garin da Agustin ya yi bishop

Wasu sun tambaye ni ko akwai amfanin biyan ɗan rakiya in mutum ya je Annaba a Aljeriya dan ganin kangon Hippo, tsohon garin zamanin Rumawa inda Agustin ya yi bishop, to ga yanda tawa ta kasance. A taƙaice dai ku biya, kar ku yi ƙyashin kuɗin, amma akwai abu biyu da ban ji daɗinsu ba, zan faɗa.

Ni tun ina ƙarami nake jin sunan Agustin a coci, kuma Allah ya sani na daɗe ina ɗauka Bature ne irin na Italiya ɗin nan. Ashe ɗan Afirka ne, an haife shi a 354 a garin Tagaste wanda yanzu ake kira Souk Ahras, nan cikin Aljeriya. Wannan ne ya sa da tafiya ta kama ni zuwa can na ce sai na taka wurin da ƙafata.

Mutumin da kamfanin yawon ya haɗa mu da shi dattijo ne, musulmi, Baba muke ce masa. Ya zo da wuri, motar ma tsaf. Abun da ya fara burge ni shi ne bai kai mu sabon cocin da ke kan tudu ba tukuna, ƙasa ya fara sauke mu cikin kangon, inda ragowar ginshiƙai da daɓen tsohon cocin suke, ya ce ku tsaya nan, a nan ake kyautata zaton mutumin nan ya yi ta wa'azi. In da ni kaɗai na je, duwatsu kawai zan gani in ɗau hoto in wuce. Shi kuwa sai ya zaunar da mu ya jero labarin tun daga uwarsa Monika da ta shekara da shekaru tana masa kuka da addu'a, da karatunsa a birnin Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yanzu, da kusan shekara tara da ya yi yana bin addinin wani mutumin Farisa mai suna Mani, da matar da ya zauna da ita ba aure har suka haifi ɗa Adeodatus, har zuwa Milan inda wa'azin Bishop Ambros ya juya masa tunani aka yi masa baftisma a Ista ta 387. Ya dawo gida Afirka da niyyar zaman ibada da karatu abinsa, sai ga shi a 391 ya shigo Hippo jama'a suka riƙe shi suka ce dole sai ya zama limaminsu, yana kuka aka naɗa shi, bayan 'yan shekaru kuma ya zama bishop.

Inda Baba ya fi ƙwarewa shi ne nuna mana cewa mutumin nan ba a ɗaki ya kulle kansa yana rubutu ba. Safiya guda zai kwashe yana raba rigimar gado da ta bashi da ta fili tsakanin mutanen gari, wani lokaci har abinci ya wuce shi, sai dare ya samu ya koma kan littattafai. Kuma a haka ya rubuta littafinsa Confessions inda ya tona asirin kansa a gaban Allah, har da satar 'ya'yan itace da ya yi yana ɗan shekara 16, ba dan yunwa ba, kawai dan daɗin aikata laifin. Wannan wurin ya taɓa ni sosai, dan daga irin wannan binciken zuciya ne koyarwarsa ta fito cewa ɗan Adam ba ya iya gyara kansa da ƙarfinsa sai da alherin Allah, abun da suka yi ta ja a kai kenan da Pelagius, wani malamin kirista na zamaninsa. Martin Luther ma ai ɗan ƙungiyar masu zaman ibada da ke bin ƙa'idar Agustin ne kafin ya ɓalle daga Katolika, Fafaroma Leo na 14 shi ma daga can ya fito.

Yanzu ga ƙorafina. Na tambaye shi zancen 'yan Donatus, ɓangaren kiristocin Afirka da suka raba gari da Katolika, na ce Baba ba gaskiya ba ne Agustin daga baya ya goyi bayan hukuma ta tilasta musu dawowa? Sai ya yi murmushi ya ce ɗana wannan doguwar magana ce, ya wuce. To ai ita na zo ji. Taron Kartaj na 411 tsakanin bishop-bishop na ɓangarorin biyu da abun da ya biyo baya na cin 'yan Donatus tara da ƙwace musu coci-coci ba ƙaramin tabo ba ne a tarihinsa, kuma son da nake masa bai hana ni son a faɗa min gaskiya ba. Na biyu, gidan tarihin da ke wurin a guje muka ratsa shi wai lokaci ya ƙure, alhali mun ɓata kusan awa guda a shagon tsaraba da ba wanda ya nema.

Cocin kan tudun kam ya yi kyau, an fara gina shi a 1881, mutanen gari na ce masa Lalla Bouna, kuma akwai ƙashin hannunsa a ciki da aka kawo daga Pavia ta Italiya inda sauran gawarsa take. Daga can sama ana hango teku da kangon gaba ɗaya, a nan Baba ya ba mu labarin ƙarshensa, yanda ya rasu ranar 28 ga Agusta 430 sojojin Vandal, wata ƙabila daga Turai, sun kewaye garin, ya sa aka manna masa Zaburar tuba a bango yana karantawa daga kwance.

In za ku je ku riƙe dinari a hannu, ku sa takalmi mai ƙwari dan ƙasan ba daidai take ba, ku ɗau ruwa, sannan tun a mota ku ce masa ba kwa son shagon tsaraba, a ba ku wannan awar a gidan tarihi.