Hedfon da tabarau: wanne ne ba ya gallabar kunne?

Mai tabarau yakan sa hedfon ya yi minti talatin ko arba'in lafiya lau, sai bayan nan zafi ya taso masa a wurare biyu: bayan kunne, inda hannun tabarau ya lanƙwashe, da gefen kai tsakanin ido da kunne. Soson hedfon ne ke danna hannun tabarau, shi kuma hannun ya danna fata a kan ƙashi, ko ya matse guringuntsin kunne. Galibin masu saye a Circle, kasuwar wayoyi da ke Accra, nauyi suke fara tambaya, alhali nauyi a tsakar kai yake sauka. Abin da ke damun mai tabarau matsi ne, wato ƙarfin da bakan hedfon ke damƙe kai da shi, sai kuma irin soson da aka sa masa.

Shi ya sa JBL Tune 510BT, duk da giram 160 ne kacal kuma batirinsa na kai awa 40, ba mu ba mai tabarau shawarar sa. Irin wanda ke zama a kan kunne ne, ba ya zagaye shi. Kunne na shiga tsakanin soso da hannun tabarau, kuma tun da ƙaramin soso ne, dole a ƙara masa matsi don kada ya zame. Duk masu wannan ƙirar haka suke, na kamfani mai suna ne ko na tebur. Don kiran minti goma ba laifi. Don sauraron tafsiri na awa biyu kuwa, a'a.

A cikin masu zagaye kunne, Bose QuietComfort 45 ne ya fi kwanta mana a rai. Nauyinsa wajen giram 240, matsinsa sassauƙa ne, ramin kunnen yana da zurfi, soson kuma yana lotsawa ya rungume hannun tabarau maimakon ya hau kansa. Aibinsa kuɗi. Sony WH-1000XM4 mai giram 254 da ƙanensa XM5 sun ƙware wajen kashe hayaniya, soson ma da laushi, amma ramin bai kai na Bose zurfi ba. Wanda kunnuwansa suka ɗan buɗe, ko tabarau ya turo su waje, zai ji gefen kunne na taɓa cikin hedfon, kuma wannan 'yar taɓawar ce ke zama raɗaɗi bayan awa ɗaya. AirPods Max ya kai giram 385. Soson yadi ne da ke shan iska, mayen ƙarfe ke riƙe shi, sai dai nauyin ya sa damƙarsa ta yi ƙarfi, don haka mai tabarau mai kaurin hannu ya gwada sosai kafin ya zaro kuɗi.

Ga mai matsakaicin aljihu, biyu ne suka cancanci dubawa. Sony WH-CH720N giram 192 ne, batirinsa na kai awa 35 da kashe hayaniya a kunne, kuma rashin nauyin ya sa ba a buƙatar matse kai don ya tsaya. Ba ya naɗewa, wanda abin lura ne ga mai cusa shi a jaka yana hawa trotro, wato ƙaramar motar haya, kullum. Soundcore Life Q30 na kamfanin Anker ya fi shi nauyi, giram 260, amma soson mai kauri ne irin wanda idan ka danna da yatsa yake dawowa a hankali. Wannan nau'in ne ya fi dacewa da tabarau, domin yana yin gurbi daidai da hannun ya cike gefensa.

Akwai wata matsalar da mutane ba sa dangantawa da tabarau, ita ce lalacewar sauti. Hedfon mai zagaye kunne yana buƙatar soso ya manne da fata ko'ina. Hannun tabarau na buɗe 'yar kafa a gaba da baya, iska ta fita, amon ƙasa, wato bes, ya tsere ta nan. Na'urar kashe hayaniya ma takan yi rauni, domin ƙarar injin mota da hon na kutsawa ta wannan kafar. Sai mutum ya ƙara murya don ya cike giɓin, ya zo yana cutar da kunnensa bai sani ba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga manya shi ne ƙarfin sauti na desibel 80 na awa 40 a mako, kuma a cunkoson hanyar unguwar Madina zuwa Circle, hedfon mai yoyo yakan sa a wuce hakan cikin sauƙi. Gwajin ba wuya: kunna sauti mai ganga, ka saurara da tabarau, sannan ka zare shi ba tare da ka motsa hedfon ba. In bes ya dawo da ƙarfi nan take, soson bai dace da tabaranka ba.

Kaurin hannun tabarau shi ne rabin maganar. Siririn hannun ƙarfe, mai milimita ɗaya ko biyu, kusan kowane soso mai laushi na haɗiye shi. Na roba mai kauri, milimita huɗu ko biyar, da wuya a sami hedfon da zai rufe a kansa ba kafa. Wanda ke aiki da hedfon yini guda, kamar masu amsa kiran kwastomomi ko masu tace sauti, sau da yawa ya fi masa arha ya yi firam na biyu mai siririn hannu da ya sayi hedfon mai tsada. Mai gyaran tabarau kuma zai iya ɗumama hannun ya kwantar da shi ya bi gefen kai. In hannun ya yi tozo waje, soso ba zai taɓa mannewa ba. Wasu sukan ɗaga hannun tabarau su ɗora a saman soso. Zafin na raguwa, amma gilashin ya karkata, kuma ga mai gilashi mai ƙarfi ko mai haɗin nesa da kusa, ƙarshenta ciwon kai ne da jiri.

Sai batun zafin garinmu. Soson fatar roba na toshe sauti da kyau, amma a Accra gumi ke taruwa a ƙarƙashinsa, hannun tabarau ya jiƙe, gilashin ya riƙa zamewa kan hanci. Gumi da laima kuma su ke sa fatar ta fara ɓarewa tana barin baƙaƙen ɓurɓushi a kunne da wuyan riga. Soson karammiski ya fi shan iska kuma ba ya manne wa tabarau, sai dai ya fi barin hayaniya shiga, yana kuma kwasar ƙurar hunturu. Beyerdynamic DT 770 Pro, wanda masu situdiyo suka sani, da karammiski yake zuwa a nau'in ohm 80 da 250 (ohm ma'auni ne da in ya yi yawa hedfon ke buƙatar na'ura mai ƙarfi). Sabonsa na matse kai, amma bakansa ƙarfe ne mai sassautawa da amfani. A lura, mai ohm 250 ba ya samun isasshen ƙarfi daga waya. Masu wasan kwamfuta su ma an tuna da su: HyperX Cloud II na zuwa da soso kala biyu a kwali, fata da karammiski, Turtle Beach kuma yana da tsarin da ya kira ProSpecs, inda aka tausasa soson daidai inda hannun tabarau ke bi.

In matsi ya yi yawa, ana iya ɗora hedfon a kan littattafan da faɗinsu ya fi kanka da santimita ɗaya ko biyu, ya kwana a haka. Da mai bakan ƙarfe ake yi. Na roba zalla yakan tsage wajen mahaɗa, kuma in an wuce gona da iri ya saki, ba ya komawa.

Ana iya kauce wa rigimar gaba ɗaya da iyafis mai shiga cikin kunne, tun da ba ruwansa da tabarau. Wanda ba ya son abu a ramin kunnensa yana iya duba masu aika sauti ta ƙashi, irin Shokz OpenRun, giram 26, batir awa 8. Kunne a buɗe yake, kana jin mota da kiran salla, amma bes ɗinsa kaɗan ne, kuma a hayaniyar kasuwar Nima ran Laraba da ƙyar za ka ji abin da ake faɗa. Maratayinsa na bi ta saman kunne, wuri ɗaya da tabarau. A fara sa shi, sannan a ɗora tabarau a kai. Mata masu hijabi sun fi samun sauƙi da irin waɗannan biyun, domin yadi a ƙarƙashin soson babban hedfon wata kafa ce a kan ta tabarau. Maza kuma su gwada da hular da suka saba sawa, don tana ɗaga bakan, soson ya hau sama ya danne saman kunne.

A wajen saye, ko a Tiptoe Lane da ke Circle ne ko a manyan shagunan mol, a je da tabaran da ake sawa kullum, a roƙi mai shago ya bari a sa na gwaji minti goma sha biyar aƙalla, ana magana ana juya wuya, domin motsin muƙamuƙi na nuna inda zai yi ciwo. A sa yatsa a auna ramin: tsawonsa ya kai santimita 6, zurfinsa wajen 2. Jabu sun yi yawa a kasuwa, kuma soso ne farkon inda ake rage musu kuɗi; za ka ji shi da tauri, yana dawowa nan take in ka danna. Mai Bluetooth na Sony, Bose ko Soundcore, a haɗa shi da manhajar kamfanin a waya tun a shago, in ta ƙi gane shi a ajiye. A kuma tambaya ko ana samun soson canji na wannan samfurin, domin a yanayin nan soso na riga batir mutuwa, kuma da zarar ya kwanta, hannun tabarau zai fara jin robar da ke ƙarƙashinsa.