Sikanin a ɗakin haihuwa bayan allurar baya: sharhi daga Gombe

Allurar baya ta kashe zafin naƙuda, wadda ake kira efidural, tana aiki sosai. Likitan kashe zafi yana saka siririyar roba a ƙasan gadon baya, galibi tsakanin ƙashi na 3 da na 4 na ƙugu, ya tura magungunan kashe zafi, wato bupivacaine mai sauƙin ƙarfi haɗe da fentanyl. Cikin minti 15 zuwa 20 mai naƙuda za ta samu sa'ida. Sai dai tana ɓoye alamomin da ungozoma ta saba dogaro da su. Nishi ya ragu, jin yunƙuri ya yi rauni, kan jariri kuma yana iya sauka ko ya tsaya ba tare da fuskar uwa ta nuna komai ba. A nan ne muka ga amfanin na'urar sikanin a gefen gado.

Inda ta fi gamsar da mu shi ne gano inda ƙeyar jariri ta fuskanta. Ana ɗora kan na'urar a kwance bisa mara. In aka ga ramukan idanu biyu suna kallon sama, ƙeya tana bayan uwa ke nan, kuma irin wannan kwanciya takan ja naƙuda. Yatsa yakan yi kuskure a nan, musamman in fatar kai ta kumbura ta rufe maɗiga. Shi ya sa ƙungiyar ISUOG ta masana sikanin mata da masu juna biyu ta duniya, a ƙa'idojinta na 2018, ta ba da shawarar a duba da sikanin kafin a sa na'urar zuƙo jariri.

Don auna saukar kai, a fara zubar da fitsari, domin allurar tana hana jin cikar mafitsara, cikakkiyar mafitsara kuma tana tare hanya. A zuba man sikanin cikin safar hannu mai tsabta, a sa kan na'urar ciki, a ƙara mai a waje, a ɗora a tsaye a bakin gaba ba tare da shigarwa ba. A ja layi bisa tsawon mahaɗar ƙashin mara, a ja wani daga ƙarshenta na ƙasa zuwa gefen ƙoƙon kai. Kusurwar da ke tsakanin layukan biyu, in ta kai digiri 120 ko fiye, albishir ce. In awo biyu a jere bai ƙaru ba duk da ciwo mai kyau, a kira babban likita tun da wuri. Kuskuren da sababbin hannu suka fi yi shi ne auna kumburin fata maimakon ƙashi, ko karkatar da na'urar har mahaɗar ta ɓace daga allo.

Matan da muke dubawa sun fi son wannan a kan yawan sa hannu, kuma bayan fashewar faya rage sa hannu yana rage haɗarin shigar ƙwayoyin cuta.

Amma na'urar ba ta auna buɗewar bakin mahaifa yadda ya kamata idan naƙuda ta yi nisa, don haka duban hannu duk awa 4 yana nan daram. Ba ta kuma maye gurbin sauraron bugun zuciyar jariri, ko awon hawan jinin uwa duk minti 5 na kwata ɗin awa bayan an tura magani, tunda allurar takan saukar da ƙarfin bugun jini. Asibitin da zai sayi na'urar ya nemi mai batir saboda ɗauke wuta, ya kuma horar da ungozomomin dare tare da likitoci.