Gargaɗi: Dala 10,500 Na Ba Ɗan Damfara da Hannuna a Kan Tallafin SBIR

Assalamu alaikum. Sati uku ke nan ina rubuta wannan ina gogewa, saboda kunya. Mutum da gemunsa, shekara 11 yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje a nan Amurka, a ce wani ya zaunar da shi ya yi masa sakiyar da ba ruwa. Dala 10,500. Ba sata ya yi ba, ba bindiga ya ɗora mini ba. Ni na ɗauki wayata na tura masa, har sau uku.

Kafin wani ya ce kwaɗayi ne, ku tsaya ku ji. Tallafin nan gaskiya ne, ba tatsuniya ba. Tun 1982 gwamnatin Amurka ta kafa shirin SBIR, ta wajabta wa manyan hukumominta masu ba da kuɗin bincike su ware wani kaso domin ƙananan kamfanoni. Hukumar binciken lafiya ta ƙasa, NIH, da ke garin Bethesda na cikinsu, kuma daga gidana zuwa ƙofarta bai kai tafiyar awa ɗaya ba. Matakin farko na tallafin kaɗai yana kai wajen dala 300,000. Bayan wasiƙun nan masu ɗauke da ƙwayar cutar antiraks da suka kashe mutum 5 a 2001, kuɗi suka ƙara kwarara wajen binciken kariya daga cututtukan da za a iya mayarwa makami. Zazzaɓin Lassa yana sahun gaba a jerinsu. Mu kuwa, ni da abokina, ɗan kamfaninmu a kan Lassa yake aiki: ɗan tsinken gwaji muke son haɗawa wanda zai nuna cutar nan take, ko a asibitin ƙauye. To ina kwaɗayi a nan? Abin da muka cancanci nema muka nema.

A wani taron ƙananan 'yan kasuwa na haɗu da ɗan damfarar, lokacin shan shayi. Dattijo ne, da kwat, da tabarau, da kati rataye a wuya. Ya tambayi aikina, na ce Lassa. Sai ya ajiye kofinsa ya ce, "Lassa ai gari ne a Borno, ko? A can aka fara gano ta a 1969." Jama'a, shekara 11 ina ƙasar nan, ban taɓa haɗuwa da wanda ba ɗan gida ba da ya san Lassa sunan gari ne. A wurin nan ya gama da ni. Kullum na kwanta sai na ga yadda ya ajiye kofin nan. Yanzu na san abu ne da kowa zai iya gani a intanet cikin minti ɗaya, kuma sunan kamfaninmu da aikinmu suna cikin takardar mahalarta taron. Ya yi karatunsa a kaina kafin ya zo. Amma a ranar, wallahi ji na yi kamar na tsinci ɗan uwa.

Ya ce ya yi shekaru yana zama a kwamitin masu duba takardun neman tallafi, yanzu ya yi ritaya yana taimaka wa irinmu. "Dakta" yake ce mini. Na ce masa ni ba dakta ba ne, ya ce ai saura ƙiris.

Na farko dala 2,500, wai kuɗin rajistar kamfani a shafin gwamnati na SAM.gov da karɓo lambar shaida. Rajistar nan kyauta ce. KYAUTA. Grants.gov kyauta, eRA Commons kyauta, duk ƙofofin da ake bi a shigar da takarda ba a biyan ko sisi. An rubuta haka ɓaro-ɓaro a shafin. Na taɓa buɗe shafin ma da kaina, na ga yawan tambayoyin, na rufe, na ce gara a bar wa masu abin. Dala 2,500 kuɗin ƙyuyata.

Sai dala 3,200. A'a, wannan ce ta ƙarshe. Ta biyu ita ce 4,800, ta rubuta takardar nema da "riƙe mana gurbi". Ba na musun akwai masu rubuta wa mutane takardar nema tsakani da Allah a biya su ladansu, shi ya sa ma ban ji komai ba. Amma gurbi? Wane gurbi? Takarda ce kake turawa, masana su zauna su ba ta maki, a bi layi. Babu wanda ke da kujerar da zai ajiye maka. Na san haka. Na taɓa ganin yadda shugaban sashenmu ya yi wata da watanni yana jiran makin tasa takardar. Amma mutumin da ya san Lassa a Borno take, ya ce akwai gurbi, sai na ce akwai gurbi.

Tun kafin wannan ma uwargida ta yi magana. Ina cikin mota muna waya da shi a kan lasifika, da ya kashe ta ce, "Baban yara, me ya sa mutumin nan kullum sauri yake yi?" Na ce mata ba ta san harkar ba, akwai wa'adi. Kuma da gaske akwai: 5 ga Janairu, 5 ga Afrilu, 5 ga Satumba ake rufe karɓa. Da ranar gaskiya ya riƙa kora ni. Duk ƙaryarsa a jikin gaskiya ya jingina ta, shi ya sa nake cewa kada wanda ya zo ya ce mini da shi ne da ya gane.

Ta ukun ce ke hana ni barci. Dala 3,200, wai kuɗin binciken tsaro, tunda Lassa na cikin ƙwayoyin cutar da gwamnati ke sa wa ido. E, ana tantance masu riƙe ƙwayar da ranta, a ɗakunan gwaji masu matakin tsaro na 4, wato mafi tsanani. Mu ba ma taɓa ta. Sinadarin furotin da aka haɗa a kwalba muke aiki da shi. Ni ya kamata in koya masa wannan, fannina ne! Amma ya turo takarda mai tambarin gaggafa, da sunan kamfaninmu, da adadin da wai an amince mana, na tura kuɗin ina tsaye a layin kantin sayen kayan miya. Adireshin da ya aiko saƙon ba da .gov ya ƙare ba, kamar na hukumomin gwamnatin Amurka. Sai da komai ya watse na duba.

Abokin aikina rabin kuɗin nasa ne. Da na gaya masa, shiru ya yi, can ya ce, "Malam, Allah ya mayar da alheri." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yadda asiri ya tonu: wa'adi ya wuce da kwana tara, na nemi ya ba ni kalmar sirrin asusunmu in ga takardar da idona. Yau, gobe, yana asibiti, surukarsa ta rasu. Na rubuta wa ma'aikatan hukumar kai tsaye. Cikin ladabi suka amsa cewa babu wata takarda da sunan kamfaninmu. Ko rajistar ba a yi ba. Ko ta 2,500 ɗin. Na kira lambarsa, a kashe. Bankina suka ce tunda da hannuna na tura, babu abin da za su iya. Na kai ƙara wurin FTC, hukumar da ke kare masu sayayya daga damfara, an ba ni lambar shigar da ƙorafi, ita nake riƙe da ita a madadin dala 10,500.

Shawara: duk wanda ya ce ka biya kafin gwamnati ta ba ka tallafi, ɓarawo ne. Ka yi rajistarka da kanka. 'Yan uwa na gida kuma, in an ce za a samo muku SBIR kuna Kano ko Maraɗi, ƙarya ce, sai kamfanin da ke Amurka wanda fiye da rabinsa ke hannun 'yan ƙasa ko masu izinin zama na dindindin.

Hotunan hirarmu ta WhatsApp da rasit uku da takardar gaggafar duk suna nan, zan sa su da zarar na rufe lambar asusuna da ke jiki. Akwai saƙon murya ma, inda yake cewa in gaida masa mutanen Borno. Ni ɗan Zariya ne. Ban taɓa ce masa daga Borno nake ba.