Ketchup ɗin ayaba na ƙasar Filifin: ra'ayina

A wani shagon kayan Asiya da ke Ikeja na ga kwalbar, jawur kamar tumatir, ashe babu tumatir a ciki. Ayaba ce aka niƙa da sukari da binega da kayan ƙamshi, sannan aka zuba mata jan launi.

Da soyayyen dankali ya yi daɗi, yarana a Agege sun kusa lashe faranti. Da doya da ƙwai kuwa zaƙin ya yi mini yawa, sai da na barbaɗa yaji. Kada ki kuskura ki sa shi a miya, 'yar'uwa.

Ƙanwata mai karatun kimiyyar sinadarai ce ta ba ni labarin Maria Orosa, matar da ake danganta ƙirƙirarsa da ita. Ta yi karatu a Jami'ar Washington da ke Seattle a Amurka, ta koma gida a 1922, ta yi aikin adana abincin ƙasarsu. Ta haɗa Soyalac, wani abinci mai gina jiki, daga waken suya, wanda aka riƙa kai wa fursunonin yaƙi a ɓoye lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ta rasu a yaƙin Manila, babban birnin Filifin, a 1945.

Kwalbar ƙarama ce, kuɗinta kuma ya fi na tumatirin da muka saba. Sai dai na marmari.