Moton tura wuƙa da na ɗaura wa ƙaramin injin tana: bayan wata biyu

Ƙaramin injin tana (injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi da wuƙa) da nake ɗan taɓa aiki da shi a gida, a unguwar Bolari cikin Gombe, ƙirar China ne mai inci 7 da 14. Masu irinsa sun san yana tura wuƙa da kansa a tsawon ƙarfe, amma idan za a share fuskar ƙarfen daga baki zuwa tsakiya, dole mutum ya riƙa murza ɗan hannun da yatsunsa, kuma tun da hannu ba ya tafiya bai ɗaya, fuskar takan fito da zobe-zobe. Wannan ne ya sa na yi odar moto mai giya na volt 12, tare da fuli biyu da bel mai haƙora da ɗan akwatin rage gudu, daga wani mai sayarwa a intanet.

Ranar farko na yaba ƙwarai. Sukurin da ke tura wuƙar yana matsawa milimita 1 a kowane juyi, saboda haka da na saita shi a juyi 30 cikin minti, cok kuma, wato abin da ke riƙe ƙarfen yana juya shi, yana yin 600, wuƙar tana matsawa milimita 0.05 ne kawai a kowane zagaye. Na share faifan alminiyum mai faɗin milimita 80 cikin minti ɗaya da daƙiƙa 20, ya fito sumul har farcena bai ji tudu ba, abin da ban taɓa samu da hannu ba.

Matsalar ta auku ne a mako na uku, lokacin da maƙwabcina ya kawo fulin injin markaɗen iyalinsa don in daidaita masa fuskarsa. Injin tanan yana kan wutar gari, moton kuwa na jona shi da batirin sola. Wuƙa ta kai rabin hanya sai aka ɗauke wuta. Cok ya tsaya, moton kuwa ya ci gaba da tura wuƙar cikin ƙarfen da ba ya juyawa. Kafin in lalubo makunni a cikin duhu na ji ƙas, bakin wuƙar ya ɓalle, bel ya soma tsallake haƙora yana karkarwa. Maƙwabcin nawa daga bakin ƙofa yake tambaya, "Malam, lafiya dai ko?" ni kuwa ina haska fitilar waya ina duban ramin da ya zauna a jikin fulinsa. Babbar asarar ita ce notin da sukurin ke bi ta cikinsa, domin zarensa ya ci, yanzu sai na murza hannun kusan rabin juyi kafin wuƙa ta motsa.

Ba na musun cewa jona wutar biyu daban gangancina ne. Sai dai takardar da ta zo cikin kwalin ba ta yi gargaɗi ko da layi ɗaya ba, kuma babu kuloci ko makunnin da zai tsayar da moton idan ya haɗu da abin da ya fi ƙarfinsa. Da na yi wa mai sayarwar bayani, hoton takardar nan ya sake turo mini. Wani mai gyaran rediyo ne ya sa mini rile mai aiki da wutar gari, wanda ke katse moton da zarar wuta ta tafi.

Da farko na yi niyyar cewa kayan sun ci kuɗinsu, amma ina tuna cewa giyar moton ba ta bari a juya ta da hannu, don haka duk lokacin da zan saita wuƙa sai na sassauta bel, sai raina ya sake ɓaci. Ramukan ƙarfen da ke riƙe moton ma ba su dace da injina ba, ni na huda sababbi. Ban cire shi ba saboda kyan sharar da yake yi, amma wanda bai shirya ƙara rile da makunnin iyaka (mai tsayar da moton idan wuƙa ta kai ƙarshe) ba, ba zan ba shi shawarar saye ba. Sabon notin da na yi oda kuwa, yau kwana 19 ke nan ina jiran isowarsa.