Rahoto daga Burusel kan injin tsohuwar Starlet

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ga bayanin da ka nema game da motar da kake son sanyawa a aikin tasi a Yamai. Na rubuta shi a fili ne saboda ba kai kaɗai ke yi mini wannan tambaya ba.

Motar da muke magana a kanta ita ce Toyota Starlet ta ƙarshe, wadda aka ƙera daga 1996 zuwa 1999, kafin kamfanin ya maye gurbinta da Yaris. Injinta shi ne wanda ake kira 4E-FE, mai silinda huɗu da bawul 16, girmansa cc 1,331, ƙarfinsa kuma a samfurin Turai doki 75. Gangar injin baƙin ƙarfe ce, kansa kuwa alminiyom ne, kuma da injekta yake shan mai, saɓanin wasu Starlet ɗin da suka gabace shi masu injin 2E da kafireta. Doki 75 ba abin a zo a gani ba ne, amma nauyin motar bai kai tan ɗaya ba, shi ya sa injin ba ya wahala wajen janta, kuma idan yana da lafiya lita shida zuwa bakwai kan ishe shi tafiyar kilomita 100. Baƙin man da yake ɗauka kimanin lita uku ne kawai. Ina roƙonka ka riƙe wannan adadi, domin injin da man cikinsa kaɗan ne ba ya jure sakaci. Idan ya ƙone mai har ya ragu sosai ba a lura ba, ɓarnar ta riga ta fara.

Rauninsa sananne ne ga duk bakaniken da ya saba da shi. Tamin bel ɗinsa, wato bel ɗin da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, na roba ne, ana so a sauya shi kusan kowane kilomita 100,000, ko kuma idan shekaru sun ja ko da motar a ajiye take. Idan ya tsufa, robobin bawul kan bushe, sai ka ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya fito daga salansa a tashin farko da safe, sa'an nan ya ɗauke. Ban da waɗannan da ɗan yoyon mai a bakin murfin sama, inji ne da ba ya neman fitina.

Abin da ya fi ba ni mamaki a nan shi ne, ba mutuwar inji ce ke raba mutanen Beljiyam da irin wannan mota ba. Gishirin da ake watsawa a kan tituna lokacin sanyi domin narkar da ƙanƙara yana cin ƙarƙashin bodi, kuma tsohuwar mota dole ta je gwajin lafiya kowace shekara, inda ake duba ƙarƙashinta da fitila, a auna birki da hayaƙi. Tsatsar da ta huda ƙarfen da ke riƙe da ƙafa ta isa a hana ta takarda. Gyara kuma da sa'a ake lissafa shi, har ta kai walda da sauya bel a gareji na iya kusantar kuɗin motar gaba ɗaya. Ga kuma doka: tun daga 2018 birnin Burusel ya fara hana tsofaffin motoci masu hayaƙi shiga cikinsa, a 2019 aka haɗa da masu fetur mafiya tsufa, kuma ana ta matsa dokar mataki-mataki. Don haka ake kwaso su zuwa unguwar Heyvaert, inda dillalai ke tara su a manyan rumfuna kafin a kai su tashar jiragen ruwa ta Antuwap. A da Kwatano ce hanyarmu, amma tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin ta Gaya a 2023 kaya da yawa ta Lome suke bi, kuma wannan ƙarin kuɗi ne da ya kamata ka sa a lissafi.

Akwai wata takarda da ake kira Car-Pass, wadda tun 2006 doka ta wajabta wa mai sayar da tsohuwar mota ya miƙa wa mai saye idan mai sayen ba dillali ba ne. A cikinta akwai kilomitar motar kamar yadda aka rubuta a duk lokacin da ta shiga gareji ko wurin gwaji, don haka mayar da mita baya yana da wuya a ɓoye. Cinikin da ke tsakanin dillali da dillali bai shiga wannan wajibci ba, shi ya sa motoci da yawa ke isowa gida babu ita.

Game da gyara, ba zan ce nan ta fi gida a komai ba. Bakaniken nan ba ya gyara abu, sauya shi yake yi; sitata ta ƙi tashi, sai ya cire ta ya ɗaura wata, alhali namu zai kwance ta a kan tsumma, ya sa sabon burushi, ya mayar kafin la'asar. Inda suka fi mu shi ne sanyaya inji, kuma a ganina a nan ne Starlet ke mutuwa a hannunmu. Da mota ta sauka, abin da ake fara yi shi ne a cire tamostat, wato abin da ke tare ruwa har sai inji ya ɗumama, a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, wai an yi su ne don ƙasar sanyi. Alhali kwamfutar injin da zafin ruwa take auna yawan man da za ta ba injekta. Idan injin ya daɗe bai ɗumama ba, sai ta ci gaba da zuba mai fiye da kima, fulogi ya yi baƙi, fetur ya wanke jikin silinda, ringi ya ci. Sa'an nan a cika lagireto da ruwan rijiya a maimakon kulan, wato ruwan da aka haɗa musamman don sanyaya inji, ya yi ta tara tsatsa da gishiri har ramukan su toshe. Ranar da zafin Afrilu ya haɗu da cunkoson kasuwa, kan alminiyom ya lanƙwashe, gasket ta ƙone, sai a ce injin ne ba shi da kyau. Kulan na gaskiya, da baƙin mai daga rufaffiyar jarka, da kakkaɓe matatar iska a kai a kai lokacin hunturu, duka ba su kai kuɗin sauke kan inji sau ɗaya ba.

Ka tambaye ni game da Yaris ta farko. Injinta na lita ɗaya, 1SZ-FE, sarƙa gare shi a madadin bel, yana ba da doki 68, kuma ya fi tsimin mai, sai dai ya fi son mai tsabta, ga shi da ƙarancin ƙarfi idan an cika mota da fasinja da kaya. Don aikin tasi har yanzu Starlet na fi so, saboda kayan gyaranta sun wadata a Yamai kuma bakanikai sun haddace ta.

Idan ka amince, zan nemi wadda na ga ƙarƙashinta da idona, wadda ba a yanke tukunyar tace hayaƙin da ke jikin salansarta an sayar ba, domin ana yawan yin haka kafin lodi, kuma zan tashe ta da sanyin safiya in ga kalar hayaƙinta. Zan saka sabon bel da famfon ruwa da tamostat a cikin but. Ka shaida wa bakanikenka tun yanzu cewa tamostat ɗin na ɗaurawa ne. A gaida Inna da yara.